Sandunan saƙar leshin hannu: ado ne ya bambanta su, ko aikin da suke yi?

Maman_Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka san saƙar leshin hannu irin ta Turai ce, wato wadda ake yi a kan matashi, ana kafa allurai masu kai a kan zane, ana sarrafa zare da 'yan sandunan da aka naɗe shi a wuyansu. Na lura sandunan ba iri ɗaya ba ne. Na tsakiyar Ingila sirara ne, an rataya musu zoben duwatsun ado a gindi, na Beljiyam suna da gindi mai kumburi, na Jamus kuma an rufe zarensu da wani kwanso na katako. A ganina aikin sandar bai wuce riƙe zare ba, saboda haka ina zaton duk wannan bambanci ado ne da al'adar kowane gari. Shin haka ne, ko akwai dalili na sana'a a ciki? Ina son in fara koyo, kuma ba na son in sayi kayan da ba za su yi mini amfani ba.

Malam_Sani_Masaƙa: Wa alaikumus salam Maman Ilham. Aikin sandar ya fi riƙe zare. Ita ce ma'ajin zaren, ita ce mariƙin da hannu ke kamawa domin kada yatsu su taɓa zaren su ɓata shi, kuma nauyinta ne ke jan zaren ya miƙe daidai gwargwado. Duk wanda ya ga mace tana kaɗi ya san cewa gululun da ke gindin mazari ba don kyau aka sa shi ba, nauyinsa ne ke tafiyar da aikin, kuma haka abin yake a nan. Saƙar kanta motsi biyu ce kawai, gittawa da murɗawa, ana yin su da sanduna huɗu a lokaci guda, tagwaye biyu ke nan. Amma zaren da ake yin wannan motsi da shi ya bambanta ƙwarai, domin akwai lilin mai kauri, akwai siliki, akwai auduga siririya wadda da ƙyar ido ke ganinta. Sanda mai nauyi za ta tsinke siririn zare, marar nauyi kuma ba za ta iya miƙar da kakkauran zare ba. Abu na biyu shi ne siffar matashin. Inda matashin yake shimfiɗaɗɗe, sandunan suna kwance a kansa, mai saƙa tana ɗaga su da yatsu, tafin hannunta yana kallon ƙasa. Inda matashin yake dogo mai kama da ganga, sandunan suna reto ne, mai saƙa tana riƙe su a cikin tafin hannu yana kallon sama. Idan kika san matashin wani gari da zarensa, kin kusa sanin siffar sandarsa tun kafin ki gan ta.

Hajiya_Kantin_Kwari: Malam Sani, Allah ya ƙara basira. Ni shekaru da dama ina sayar da leshi, ban taɓa jin an ce da sanduna ake yin sa ba. Wannan leshin da muke kawowa na biki, shi ma haka ake saƙa shi?

Malam_Sani_Masaƙa: A'a Hajiya, naku aikin inji ne, kuma mafi yawansa surfani ne da inji ke yi a kan yadi. Masu tsadar da aka fi sani a kasuwannin Najeriya daga garin Lustenau na ƙasar Ostiriya da yankin St. Gallen na Siwizalan suka yi suna, kafin na ƙasashen Asiya su cika kasuwa. Wanda muke magana a kai ya girme su nesa ba kusa ba, domin tun ƙarni na 16 ake yin sa a Italiya da yankin Flanders, kuma babu yadi a ƙarƙashinsa, zaren ne kaɗai ake kitsawa har ya zama ƙyalle. Inji ne ma ya karya sana'ar, tun daga wanda John Heathcoat ya yi wa rajista a Ingila a 1809, da wanda John Levers ya inganta a Nottingham a 1813.

Binta_Luton: Yaya Maman Ilham, ni da sandunan tsakiyar Ingila nake aiki, waɗanda suka fito daga gundumomin Bedfordshire da Buckinghamshire da Northamptonshire, kuma ina tabbatar miki zoben duwatsun nan yana da aiki. Sandar siririya ce kuma jikinta a mulmule yake, don haka in babu zoben sai ta riƙa mirginawa a kan matashi. Duk mirginawar da ta yi, ko dai ta warware murɗin zaren har ya yi laushi ya rabu, ko ta ƙara masa murɗi har ya ƙudundune. Zoben yana kwanciya a kan matashin ya hana ta juyawa, sannan ya ƙara mata ɗan nauyin da jikinta ba shi da shi. Yadda aka saba jera shi, ana sa babban dutse ɗaya a tsakiya daga ƙasa, a sa ƙananan duwatsun gilashi masu kusurwa huɗu a kowane gefe, duka a kan waya ta tagulla. Na taɓa yin aiki da wasu sanduna kafin in ɗaura musu zobe, zaren ya yi ta tsinkewa a wuri guda, da na ɗaura kuma matsalar ta kau. Wata fa'ida kuma ita ce siririntakarsu tana ba da damar jera da yawa a kan matashi, domin faffaɗan leshi irin na Buckinghamshire yana iya cin ɗaruruwan sanduna a lokaci guda.

Abu_Hanifa_Zariya: Ina ganin Maman Ilham tana da gaskiya fiye da yadda ake ba ta. Idan zoben duwatsu dole ne, me ya sa masu saƙar birnin Bruges na Beljiyam ba sa amfani da shi, alhali su ma sandunansu a kwance suke a kan matashi? Kuma leshin Flanders da na Binche, duka na Beljiyam, ba su gaza na Ingila laushi ba, hasali ma sun fi shi suna. Wannan yana nuna mini cewa matsala ɗaya ce, kowane gari ya bi hanyar da ya gada, to ai wannan ita ce al'ada.

Binta_Luton: Malam Abu Hanifa, tambayarka tana da ƙarfi. Amsar da zan iya bayarwa ita ce mutanen Beljiyam sun sa nauyin a cikin jikin katakon, shi ya sa gindin ya kumbura, kuma hannunsu ya saba da sandar da ke motsi, har ma suna amfana da hakan wajen sauri, domin sanda marar zobe tana saurin wucewa ta kan 'yar'uwarta ba tare da ta sarƙe ba. Zoben kuwa yana da nasa aibin, yakan kama na kusa da shi, kuma wayar takan tsinke duwatsu su watse.

Malama_Rabi_Exeter: Ina son in kawo misalin da nake ganin ya fi kowanne fito da maganar Malam Sani fili, kuma a cikin Ingilar ne, ba sai an tsallaka teku ba. A gundumar Devon, inda ake leshin Honiton, sandunan ba su da zobe ko kaɗan. Ƙanana ne, marasa nauyi, sumul, kuma gindinsu ya tafi da tsini. Dalilin yana cikin yadda ake gina leshin. Na tsakiyar Ingila ana saƙa shi ne a jere daga sama zuwa ƙasa, ado da ragar da ke bayansa duk a tafiya ɗaya. Na Honiton kuwa fure-fure da ganye-ganye ake yi daban-daban, sannan a haɗa su, kuma ko a cikin fure ɗaya sau da yawa sai an ɗinke sabon sashe a jikin wanda aka gama. Yadda ake wannan haɗin shi ne a zaro zaren sanda ɗaya ta ramin da allura ta bari, ya zama ɗan madauki, sai a zura ɗaya sandar gaba ɗayanta ta cikin madaukin a ja. To ki duba, Maman Ilham, yaya sanda mai zoben duwatsu za ta bi ta cikin madaukin zaren da bai kai gashin kai kauri ba? Dole ta zama mai tsini kuma sumul. Har adon da suke yi mata sun yi shi ne yadda ba zai kama zare ba, domin zane ne ake tsagawa a jikin katakon, jiragen ruwa da kifaye da zukata da haruffan suna, sannan a cike tsagar da jan kaki ko baƙi har ta yi daidai da jikin sandar. A nan aikin ne ya hukunta wa adon iyakarsa. Wannan leshin ne aka sa a rigar auren Sarauniya Victoria a 1840, kuma a ƙauyen Beer da ke bakin teku aka yi aikin. Wanda ya samu zuwa garin Honiton zai ga sandunan da leshin a gidan tarihi na Allhallows.

Abu_Hanifa_Zariya: Malama Rabi, na karɓi misalin Honiton, amma masu saƙar Vologda ta Rasha da na Idrija ta Slovenia su ma suna irin wannan haɗin a kai a kai, domin leshinsu ɗan siririn tef ne da ke lanƙwasa yana komawa jikin kansa, kuma sandunansu manya ne, ba su da tsinin na Devon.

Malama_Rabi_Exeter: Haka ne, amma zarensu ya fi kauri da ƙarfi, don haka suna iya jan madaukin da ƙugiyar kwarashi ya yi faɗin da babbar sanda za ta wuce. Kuma ka lura su ma babu mai zobe a cikinsu, jikinsu sumul yake. Bayan haka sandunan da suke buƙata kaɗan ne, a Idrija tagwaye biyar zuwa bakwai sun isa tef ɗin, saboda haka girman sanda ba ya cinye musu wuri, kuma babbar sanda tana ɗaukar zare mai yawa, abin da doguwar tafiyar tef ke bukata.

Ɗalibi_a_Jamus: Gaisuwa ga iyaye da yayye. Game da kwanson da Maman Ilham ta ambata, na ga ana aiki da shi a yankin duwatsun Erzgebirge da ke jihar Saxony. Matashinsu mai siffar ganga ne, ana ɗora shi a kan ɗan kwando ko mazauni na katako, sandunan suna reto a gefensa, mai saƙa tana damƙe su a tafin hannu. Tun da hannu yana rufe sandar, da zaren a buɗe yake da gumi da datti sun taɓa shi, shi ya sa ake naɗe zaren a tsakiyar sandar a zura masa kwanson katako ya rufe shi. Yankin na masu haƙar ma'adinai ne, kuma saƙar ta zama abin dogaro ga iyalai lokacin da haƙar azurfa ta ja baya. Sunan da ake dangantawa da bunƙasar sana'ar shi ne Barbara Uthmann ta garin Annaberg, wadda ta rasu a 1575, kuma mutum-mutuminta yana dandalin kasuwar garin. Idrija da aka ambata ma garin ma'adinai ne, na zaiba, makarantar saƙarsu tana aiki tun 1876, kuma hukumar UNESCO ta sa saƙar leshin Slovenia cikin jerin gadon al'adun duniya a 2018.

Maman_Ilham: Na gode ƙwarai, kun buɗe mini ido a kan zobe da tsini da kwanso. Amma har yanzu akwai abin da ban ga aikinsa ba. Na ga hotunan sandunan Ingila na ƙashi da aka rubuta sunaye da kwanan wata a jikinsu, wasu ma an huda su an sa wata 'yar ƙaramar sanda a ciki. Wannan kam ai ba zai ƙara wa zare komai ba.

Binta_Luton: Gaskiya ne Yaya, wannan ɓangaren ado ne da zumunci zalla, kuma shi ne ya fi taɓa zuciyata a duk al'amarin. Matan da suka yi wannan sana'a a ƙarni na 19 talakawa ne, tun suna yara ƙanana ake kai su makarantun saƙa, suna yini a sunkuye a kan matashi domin kuɗi kaɗan. Leshin da suka saƙa na masu kuɗi ne, ba su sa shi a jikinsu ba, sandunan ne kaɗai nasu. Saboda haka a jikin sandunan suka ajiye tarihin gidajensu, wato sunan jaririn da aka haifa, da ranar aure, da sunan wanda ya rasu, da saƙon saurayi ga budurwarsa, da addu'o'i irin na addininsu. Masu sassaƙa su ma sanannu ne, kamar Jesse Compton da ɗansa James na ƙauyen Deanshanger, da William Brown na Cranfield, da iyalin Haskins na Bedford, har masu tara kayan tarihi suna gane hannun kowannensu daga siffar kan sandar da ta gindinta. Wasu an zuba musu narkakken kuza a cikin tsaga ya zama ɗigo-ɗigo ko zobe-zobe, wasu an naɗe su da siririyar wayar tagulla. Akwai ma waɗanda aka yi domin tunawa da ranar da aka rataye mai laifin kisa, irin na Joseph Castle a 1860 da na William Bull a 1871, dukansu a Bedford. Ana iya ganin ire-irensu a gidan tarihi na Wardown da ke Luton da kuma na Cowper da Newton a garin Olney. Wata fa'idar da mai aiki ke samu ita ce idan sandunan ba su yi kama da juna ba, tana saurin gane wadda ke ɗauke da kakkauran zaren da ke zagaye furen, amma ba zan ce don haka aka yi rubutun ba.

Hajiya_Kantin_Kwari: Allah sarki, mai saƙa ba ta da na sawa. Binta 'yata, waɗannan fararen na hauren giwa ne?

Binta_Luton: Kusan dukansu ƙashin shanu ne, Hajiya. Masu sayarwa sukan ce haure ne domin su ɗaga kuɗi, amma matan ƙauyen ba su da halin sayen haure. Na katakon kuma yawanci daga itatuwan lambu ne irin su tuffa.

Injiniya_Kabiru: Akwai dalili na uku da ba a ba shi haƙƙinsa ba, shi ne abin da ƙasa ta samar. A arewa maso gabashin Barazil, musamman jihar Ceará, inda saƙar ta zo ta hannun mutanen Fotugal, ana yin sandar da ɗan tsinken itace a soka shi cikin ƙwallon wani nau'in kwakwa, ƙwallon ya zama nauyi kuma ya zama mariƙi. A maimakon allurai suna kafa ƙayar wani tsiro na yankinsu da ake kira mandacaru, matashin kuma a cusa masa busasshen ganyen ayaba. Siffar ta bi ta garuruwan Vila do Conde da Peniche na Fotugal, inda sandar ke ƙarewa da dunƙule kamar ƙwallo, amma kayan na Barazil ne. Haka kuma mutanen Fotugal suka kai sana'ar gaɓar kudancin Sri Lanka, wajen Galle, inda har yau ake yin ta. A Kataloniya ta ƙasar Sifen kuwa wani katako mai tauri da santsi suke amfani da shi, a kan dogon matashi da ake jinginawa a tsaye. Wannan ya sa nake tambaya, me zai hana masassaƙanmu su yi wa Maman Ilham nata a gida?

Baba_Masassaƙi: Babu abin da zai hana, ɗana. Aduwa da kanya da ƙirya duk suna da tauri, kuma aduwa tana yin santsi sosai, shi ya sa ake allo da ita. Abin da za a kiyaye shi ne katakon ya bushe sarai kafin a taɓa shi, in ba haka ba siririn wuyan zai lanƙwashe. Sannan a goge shi har ya zama babu ko ɗan gashin itace da zai kama zare. A kawo mini samfuri ɗaya da awonsa, sauran aikin hannu ne.

Malam_Sani_Masaƙa: Baba, Allah ya ja kwana. Abin da zan ƙara shi ne a yi su da nauyi ɗaya, domin in wata ta fi wata nauyi, saƙar za ta fito wani wuri a ɗame wani wuri a sake. Kuma a kula da kan sandar, inda ake ɗaure zaren da ɗan zarge domin kada ya warware da kansa. Na tsakiyar Ingila kai biyu gare su, da ɗan tsagi a tsakani inda zargen ke zama, na sauran Turai kuma yawanci kai ɗaya ne mai faɗi, zargen yana zama a kan naɗin zaren.

Ummu_Salma_Yamai: Ina bin muhawarar tun farko, kuma ina tare da Malam Abu Hanifa a wani ɓangare. Ko a cikin Buckinghamshire, kudancin gundumar yana da nasa sanduna masu kauri marasa zoben duwatsu, wasu da sakakkun zobban kuza a jikinsu, alhali leshin da ake yi da su bai yi nisa da na maƙwabtansu ba. A Tønder ta ƙasar Denmak, inda leshin ya yi kama da na Buckinghamshire a laushi da irin raga, sandar siririya ce mai dunƙule a gindi, kuma in an sa duwatsun ado a jikin dunƙulen ake jera su, ba a rataya su ba. Zare kusan iri ɗaya, saƙa kusan iri ɗaya, sanduna daban. Ni abin da na fahimta shi ne aikin yana hana wasu siffofi, kamar yadda ya hana zobe a Honiton, amma a cikin siffofin da suka rage, abin da yarinya ta tarar a hannun uwarta shi take ɗauka.

Malama_Rabi_Exeter: Ummu Salma, ban ƙi wannan ba, sai dai ina jin tsoron mai koyo ta ji an ce al'ada ce ta ɗauka kowace sanda za ta yi mata kowane aiki. Shawarata ga Maman Ilham ita ce ta fara zaɓar irin leshin da take so da irin matashin da za ta samu. In za ta fara da saƙar da ake kira Torchon, wadda yawancin masu koyo ke farawa da ita saboda zanenta na kusurwoyi ne kuma zarenta yana da ɗan kauri, to masu zobe za su yi, masu kumburin gindi ma za su yi, kuma tagwaye goma sha biyu zuwa ashirin sun ishe ta darussan farko. In kuwa zuciyarta tana kan furanni irin na Honiton ko leshin tef, kada ta sayi masu zobe.

Abu_Hanifa_Zariya: Akwai kuma sandunan zamani masu gindi mai kusurwa huɗu, waɗanda ba sa mirginawa kuma ba su da zoben da zai sarƙe, ga shi suna wucewa ta cikin madauki. In da amfani kaɗai ake bi, da tuni kowa ya koma kansu, amma masu saƙar Bedfordshire suna nan da duwatsunsu, na Saxony suna nan da kwansonsu.

Binta_Luton: Na gwada masu kusurwa huɗun, Malam, kuma suna aiki yadda ka faɗa. Abin da ya mayar da ni ga masu zobe shi ne kaurinsu, domin idan aikin ya kai tagwaye hamsin sai matashin ya cika, in rasa inda zan ture waɗanda ba na aiki da su. Masu zobe kuwa ina zura igiya ta cikin zobbansu in ɗaure su rukuni-rukuni in ajiye a gefe, kuma haka nake yi in zan ɗauki matashin zuwa wani wuri ba tare da sun cakuɗe ba. Baba Masassaƙi, in za a yi na gwaji, ina roƙon a huda ɗan rami a gindin wasu daga ciki a bar wasu haka, domin a gwada duka biyun a kan matashi ɗaya da zare ɗaya.